Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'i Kan Tsofaffin Wasiƙu Da Rubuce-Rubucen Hannu Da Ke Hannunsu

Zuwa ga shugabannin jami'o'i, da mambobin majalisun gudanarwa, da manyan jami'an ɗakunan karatu na duk jami'ar da ke riƙe da tsofaffin takardu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya taya ku riƙo.

Ranku ya daɗe, ina magana ne a madadin masu binciken tarihi da harshe da addini, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa sai da asalin takarda a gabansu, da ɗaliban digiri na biyu da na uku da muke turawa ɗakunan ajiya su nemo hujja, sannan da mutanen da ba a cika jin muryarsu a harabar jami'a ba, wato iyalan malamai da alƙalai da fatake da tsofaffin ma'aikata. Su ne suka ɗauko wasiƙun iyayensu da littattafan da kakanninsu suka kwafa da hannu suka danƙa wa jami'a, saboda sun yarda ta fi su sanin yadda ake adana su.

Abin da ya tunzura ni shi ne wata shawara da aka yanke a jami'ar da na fi yin aiki a ma'ajiyarta. Dattijon da ya daɗe yana kula da sashen rubuce-rubucen hannu ya yi ritaya, ba a ɗauki wani a gurbinsa ba. Ba a jima ba aka ce ana bukatar ɗakin domin ofisoshi, aka kwashe akwatunan zuwa wani sito a ƙasan bene aka garƙame, makullin kuma yana hannun wanda aikinsa lissafin kujeru da tebura ne. Ba zan kama sunan jami'ar ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma da na kai kukana wurin abokan aiki na wasu jami'o'in sai na tarar kowa da nasa labarin mai kama da wannan. Shi ya sa na haɗa ku gaba ɗaya.

Ku ba ni dama in fara tuna muku abin da ke cikin waɗannan akwatuna. Littafin da aka buga a maɗaba'a yana da 'yan'uwa dubbai, in wannan ya ɓata a nemo wani. Wasiƙa kuwa ɗaya ce tak a duniya. Abin da ke cikinta ba kasafai ake samunsa a littafin tarihi ba, domin mai rubuta ta bai san wani zai karanta bayan shekara ɗari ba. Bashi yake bi, ko ƙara yake kaiwa, ko rasuwa yake sanarwa, ko fatawa yake nema kan rabon gado. A 1897 wani masani mai suna Solomon Schechter ya kai wa Jami'ar Kambirij ta Ingila guntattakin takardu kusan 193,000 da aka kwaso daga ɗakin ajiyar wata tsohuwar majami'ar Yahudawa a Fusɗaɗ, tsohon garin Alƙahira. A cikinsu akwai wasiƙun fatake na ƙarni na 11 da na 12, akasarinsu da Larabci amma da haruffan Ibrananci, kuma da su ne masanin tarihi S. D. Goitein ya fito da yadda kaya da kuɗi da mutane ke kai-komo tsakanin Tunis da Sisili da Masar da Adan har Indiya. Haka wasiƙun da sarakuna suka riƙa aika wa Sarkin Musulmi da Wazirinsa, irin waɗanda Turawa suka taras a gidan Waziri Buhari a 1903, su ke nuna yadda daular Sakkwato ke gudana a zahiri: wa ke naɗa wa, wa ke sasanta rikici, wa ke aiko da uzuri.

Kokenmu na farko, kuma shi ne tushen sauran, shi ne jami'o'i da yawa ba su san abin da suke riƙe da shi ba. In an tambayi adadi sai a ce sun kai dubu kaza, amma babu fihirisar da za a buɗe a ga wa ya rubuta wannan takarda, wa aka rubuta wa, warƙa nawa ce, daga wane gida ta fito, tana wane akwati. Inda akwai fihirisa ma, sau da yawa wadda aka buga da tafireta ce tun zamanin waɗanda suka fara tattarawa, duk abin da ya shigo bayansu yana nan ɗaure yadda aka kawo shi. Ɗalibi zai zauna ya rubuta a kundin digirinsa cewa babu wata shaida kan al'amari kaza, alhali shaidar tana kwance a ginin da yake wucewa ta gabansa kullum.

Manyan jami'o'i ma sun yi fama da wannan ciwo. Takardun nan na Kambirij, kaso mai yawa daga cikinsu ya zauna a akwatuna shekara da shekaru ba a tantance ba, sai a 1974 aka kafa sashe na musamman domin su. A Jami'ar Bamingam, warƙoƙi biyu na wani Alƙur'ani da aka rubuta a kan fata sun daɗe a haɗe da warƙoƙin wani mus'hafi na daban, cikin tarin da Alphonse Mingana ya tattaro a shekarun 1920. Sai da wata mai binciken digiri na uku, Alba Fedeli, ta zauna ta ƙura wa rubutun ido ta ga hannun ya bambanta. Aka gwada fatar a Oksfod, aka sanar a 2015 cewa bisa kyakkyawan zato ta samo asali ne tsakanin 568 da 645 miladiyya. Ayoyi ne daga surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha, kuma yau ana lissafa su cikin mafiya tsufan rubutun Alƙur'ani da suka rage. Da ba a bar wannan baiwar Allah ta zauna da takardun a natse ba, da har yau suna nan a matsayin wasu warƙoƙi cikin warƙoƙi.

Rashin fihirisa kuma ƙofar sata ne, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ranar da ya fita. Wasu ƙananan littattafan rubutu biyu na masanin kimiyya Charles Darwin da ke ɗakin karatun Kambirij an fito da su domin ɗaukar hoto a 2000, a farkon 2001 aka neme su aka rasa. Aka yi ta zaton an ajiye su ne a inda ba wurinsu ba, sai a 2020 ɗakin karatun Kambirij ya fito ya ce ga alama sace su aka yi. Wani ya dawo da su a ɓoye a 2022. Waɗannan an san da su, suna da lamba, duniya ta taya cigiya. To wasiƙar alƙalin da ba ta da lamba fa, in ta shiga aljihun wani, wa zai neme ta? Da wace hujja jami'a za ta ce tata ce in ta ɓulla a wurin gwanjo?

Na biyu shi ne inda ake ajiye takardun da yadda ake taɓa su. Danshi da zafi da haske da ƙwari su ne maƙiyan takarda. Da zarar danshin iska ya haura kusan kashi 65 cikin ɗari ya daɗe a haka, fumfuna za ta tsiro, ta ci ƙarfin takardar, ta bar tabon da ba ya fita. Tawadar da aka haɗa da baƙin hayaƙi ko gawayi da ƙaro a saman takarda take zaune, ruwa kaɗan ya isa ya narkar da ita. Wadda ke da sinadarin ƙarfe kuwa, in danshi ya yi yawa ita da kanta ke cin takardar, har ka ɗaga warƙa ka ga haruffan sun zama huji. Takardun da aka fara sarrafawa daga itace bayan tsakiyar ƙarni na 19 suna ɗauke da tsami a jikinsu, su yi ja su riƙa karyewa, shi ya sa wasiƙar 1950 kan riga ta 1750 lalacewa. Gara kuwa 'yan makonni sun ishe ta ta ratsa akwatin da aka ajiye a ƙasa jingine da bango. Sito a ƙasan bene ya tara duk waɗannan wuri ɗaya, ga bututun ruwa na bi ta samansa, ga shi nan ne ruwa ke fara kwanciya.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, ita ce ta fi ƙona mini rai. Na taɓa buɗe wata jaka na taras an bi duk inda wasiƙa ta yage an liƙe da salatef. Mannen ya narke ya ratsa takardar, ya yi baƙi daidai kan layin da ke ɗauke da sunan wanda aka rubuta wa. Wasu an sa su cikin leda an gasa da na'ura da sunan kariya, abin da da wuya a warware shi ba tare da an yi wa takardar lahani ba. An buga hatimin ɗakin karatu a tsakiyar rubutu, an sa lamba da biro, an maƙale warƙoƙi da ƙarfen da ya yi tsatsa. Sannan wani ya ga wasiƙu a ɗaure, a ganinsa a hargitse suke, sai ya kwance su ya jera bisa girman takarda. Wannan asara ce da ido ba ya gani. Yawancin tsofaffin wasiƙun daular Sakkwato ba sa ɗauke da kwanan wata. Ana gane zamaninsu ne daga hatimin mai aikowa, da sunayen da aka ambata, da hannun magatakarda, da tambarin da ke cikin jikin takardar, irin jinjirin wata ukun nan na takardun arewacin Italiya da fatake suka riƙa shigowa da su ta Tarabulus da Masar, sannan da maƙwabtan wasiƙar a cikin ƙunshi. Mai gidan da ya ɗaure wasiƙu goma wuri ɗaya yana da dalili: ko magana ɗaya ce, ko mutum ɗaya ne, ko shekara ɗaya. In aka raba su an shafe wannan bayani ke nan, ko da kowace warƙa tana nan lafiya lau.

Gobara ba na son ambatonta, amma dole ne. Ranar 2 ga Satumba 2018 gidan tarihin ƙasar Barazil da ke Riyo, wanda ke ƙarƙashin jami'ar tarayya ta birnin, ya ƙone da akasarin kayansa kusan miliyan 20, har da muryoyin da aka naɗa da rubuce-rubuce na harsunan 'yan asalin ƙasar, waɗanda wasunsu babu mai jin su yanzu. Binciken 'yan sanda ya nuna wutar ta tashi ne daga na'urar sanyaya ɗaki, kuma 'yan kwana-kwana sun iso sun tarar famfunan kusa babu ruwa. Ma'aikatan gidan sun daɗe suna kukan rashin kuɗin gyara. Ranar 18 ga Afrilu 2021 wutar daji ta gangaro daga dutse ta cinye zauren karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, inda tarin nazarin Afirka yake. Abin da wuta ba ta kai gare shi ba a ɗakunan ƙasa, ruwan kashe gobara ya malale shi, sai da 'yan sa-kai suka yi ta fito da akwatuna da hannu. Ƙofofin tare wuta da suka rufe su suka rage ɓarnar. Ina roƙon kowane shugaban jami'a ya tambaya yau: ɗakin takardunmu yana da na'urar da ke jin hayaƙi? Wa za a kira in ruwa ya shiga da tsakar dare ranar hutu? Takardar da ta jiƙe, kwana biyu ne gare ta kafin fumfuna ta kama. Akwai wanda ya san haka cikin masu gadin ginin?

Na uku shi ne mutane, kuma a nan lokaci ya fi ƙure mana. Karanta tsohuwar wasiƙa sana'a ce da ake koyo a hannun wanda ya iya. Mai digirin Larabci zai iya tsayawa cak a gaban rubutun Barnawi ko na Magaribi in bai saba ba, balle ajami da kowane malami ke da yadda yake rubuta sautin da babu shi a haruffan Larabci. Haka wanda ya iya Turanci ko Faransanci na yau, ba lallai ya iya karanta hannun magatakardan ƙarni na 18 ba. Tarin da muke taƙama da su ma mutane ne suka gina su da ƙafarsu. W. E. N. Kensdale ya fara tattara wa ɗakin karatun jami'a da ke Ibadan rubuce-rubucen Larabci a farkon shekarun 1950, John Hunwick ya kafa cibiyar adana su a can a 1964, ma'aikatan shirin binciken tarihin Arewa na Zariya kuma suka bi gida gida suna zama da malamai har aka amince da su. Amma yau a jami'o'i da yawa ɗakin ajiya shi ne inda ake tura ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi. Malamin da ya shekara biyu yana rubuta fihirisar wasiƙu dubu, in lokacin ƙarin girma ya zo sai a ce bai wallafa komai ba. Wane matashi ne zai zaɓi wannan hanya? Dattijon nan da ya yi ritaya ya san wane ƙunshi ya fito daga wane gida, wanne ne aro wanne ne kyauta, wace warƙa ce ta ɓata daga wane littafi. Ba a rubuta ko ɗaya ba, ba a kuma haɗa shi da matashin da zai gaje shi ba.

Masu iya karatun suna nan, sai dai da yawansu ba su da takardar shaidar da ofishin ɗaukar ma'aikata ke nema. Tsofaffin Alƙur'anan Barno, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke ɗauke da shekarar 1669, suna da fassara da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. A. D. H. Bivar ya ɗauki hotonsu tun ƙarshen shekarun 1950, amma ba a buɗe ma'anarsu sosai ba sai bayan shekaru da dama, lokacin da masu bincike suka je suka zauna gaban malaman Barno da har yanzu ke fassara da Tarjumo, wato harshen malamai da ya samo asali daga wancan tsohon Kanembu.

Na huɗu shi ne ƙofa. A wasu wuraren babu rubutacciyar ƙa'idar shiga, komai ya dogara da wanda ka sani da kuma yanayin da ka tarar da mai makulli. Baƙon da ya zo daga ƙasar waje da takardar jami'arsa za a buɗe masa, ɗalibin gida kuwa a ce ya dawo wani mako. Waɗanda aka fi zalunta su ne masu takardun. Na taɓa raka wani dattijo da ya zo ganin wasiƙun kakansa, waɗanda mahaifinsa ya bayar da hannunsa. Aka ce sai ya kawo takardar gabatarwa daga shugaban sashensa, shi kuwa ba ɗalibi ba, ba malamin jami'a ba. Ya koma bai gan su ba, kuma ya gaya mini sauran da ke gida ba za su ƙara fita ba. Irin wannan labari yawo yake tsakanin gidajen ilimi. Ƙarshensa takardun su ruɓe a ɗaki, ko magada su sayar wa dillali. Ku tuna kuma ba duk abin da ke hannunku ne kyauta ba. Wasu ajiya ce, wasu aro aka karɓa domin a ɗauki hoto a mayar, kuma takardar yarjejeniyar ta ɓata tuntuni. Amana sunanta amana ko wanda ya karɓa ya rasu, domin da sunan jami'a ya karɓa. Gaskiya ne akwai wasiƙun da ke ɗauke da sirrin mutane, bashi ko saki ko asalin bauta na waɗanda jikokinsu ke raye. Irin waɗannan sai a zauna da iyalin a yanka wa'adi a rubuce, kowa ya san ranar da za a buɗe.

Na biyar shi ne batun ɗaukar hoto a sa a kwamfuta. Wasu sun ƙi shi gaba ɗaya, suna tsoron in takarda ta hau intanet darajar ma'ajiyarsu ta faɗi. Abin da aka gani akasin haka ne. Ɗakin karatun sashen shari'a na Jami'ar Harvard ta Amurka ya sayi wata takarda a 1946 a matsayin kwafin Magna Carta, tsohuwar takardar 'yanci ta Ingila da ta taƙaita ikon sarki, sai da Farfesa David Carpenter ya ga hotonta a intanet daga Landan, aka bincika, aka sanar a 2025 cewa asali ce ta shekarar 1300. Wasu kuma suna ganin da an ɗauki hoto an gama, asalin ko oho. Su ma sun yi kuskure. Fim ɗin maikurofim na da, mai adana hoton takardu a ƙanƙance, wanda aka yi ta ɗauka har shekarun 1980, in zafi da danshi suka same shi sai ya fara warin tsami ya kanannaɗe, kuma akwai littattafan da hotonsu a irin wannan fim shi kaɗai ya rage. Babban ɗakin karatun Birtaniya ma masu kutse sun durƙusar da na'urorinsa a Oktoba 2023, aka yi watanni ana fama. Na ga hotuna dubbai a faifan kwamfuta guda ɗaya a aljihun teburin wani malami, babu suna babu lamba, babu mai iya cewa wane hoto ne na wace wasiƙa.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma na san nauyin albashi da wuta da ɗakunan kwanan ɗalibai ba wasa ba ne. Amma waɗannan takardu su ake nuna wa manyan baƙi, su ake sawa a ƙasidar bikin cikar jami'a shekara kaza, da sunansu ake neman tallafi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma rabin abin da za mu roƙa umarni kawai yake bukata daga ofishinku.

Muna roƙon a dakatar da duk wani shiri na ɗauke tsofaffin takardu daga inda suke sai wanda ya san aikin ya duba sabon wurin ya sa hannu. Waɗanda aka riga aka kai sito ko ƙasan bene a fito da su cikin wannan zangon karatu, a ɗora su kan kanta nesa da ƙasa da bango da bututun ruwa. A sa ma'aunin zafi da danshi a riƙa rubuta abin da ya nuna, a sa na'urar jin hayaƙi, a gyara wayoyin wutar ginin, a rubuta shafi ɗaya na abin da za a yi in wuta ko ruwa ya zo, da lambobin wayar waɗanda za a kira, a liƙa a ƙofa. A fitar da sanarwa mai hana salatef da gasa leda da biro da buga hatimi a kan rubutu, da hana kwance kowane ƙunshi sai an rubuta yadda aka same shi.

Muna roƙon a ƙirga komai cikin shekara ɗaya, ko da a matakin akwati da ƙunshi ne: lamba, gidan da ya fito, adadin warƙoƙi, harshe. A sa wannan lissafi a shafin intanet na jami'a ko bai cika ba, a riƙa ƙarawa, a kuma riƙa gabatar wa majalisar dattawan jami'a rahoton abin da aka duba da abin da aka rasa duk shekara.

Muna roƙon a samar da gurbin dindindin na mai kula da rubuce-rubucen hannu, mai matakan ƙarin girma kamar na kowa, a kuma ware wa sashen kasonsa na kansa a kasafin kuɗi, kada ya zama sai abin da ya ragu. Waɗanda suka yi ritaya suna raye, a dawo da su da kwantiragi ko na shekara ɗaya ne, a haɗa su da matasa, a naɗi muryarsu suna bayanin ƙunshi bayan ƙunshi. Wannan shi ya fi komai gaggawa. A amince da fihirisa da tahaƙiƙin rubutun hannu, wato tantance shi da fito da ingantaccen nassinsa, a matsayin wallafa wajen ƙarin girma. A buɗe hanyar ɗaukar malaman da suka iya karatun ko ba su da digiri, a biya su, a rubuta sunansu a kan aikin da suka yi.

Muna roƙon rubutacciyar ƙa'idar shiga guda ɗaya ga kowa, da ranaku da sa'o'in da aka san ɗakin a buɗe yake, da izinin mai bincike ya ɗauki hoto da wayarsa ba tare da walƙiya ba, domin hakan na rage yawan taɓa asalin. A nemo iyalan da suka bayar da takardu, a sabunta yarjejeniya da su a rubuce, a ba su hoton kayansu kyauta, a mayar da abin da aka karɓa aro ga duk wanda ya nema.

In za a yi haɗin gwiwa da wata cibiya kan ɗaukar hoto, a bi irin tsarin shirin ceto takardu na ɗakin karatun Birtaniya da aka fara a 2004, inda asalin takarda ke zama a ƙasarta kuma ake bar wa cibiyar gida cikakken kwafin hotunan. Kowane hoto ya ɗauki lambar takardarsa, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gari daban. Tsofaffin maikurofim kuma a duba su yanzu, a fara juyar da waɗanda suka soma wari.

In kuwa wata jami'a ta duba ta ga ba za ta iya ko kaɗan daga cikin wannan ba, to ta faɗa a fili, ta kira masu takardun, a zauna a zaɓi ma'ajiyar da za ta iya, a miƙa da lissafi da shaidu. Kada a sayar, kada kuma a bari a sito ana jiran ranar da kuɗi za su zo.

Mu a namu ɓangaren a shirye muke. Akwai malamai da ɗalibai da za su yi aikin ƙirgar nan kyauta a lokacin hutu in aka buɗe mana ƙofa aka ba mu mai sa ido. Muna neman kowane shugaban jami'a ya sa ranar da zai zauna da mu tare da babban jami'in ɗakin karatu da wakilan iyalan kafin ƙarshen wannan zango, kuma zaman ya kasance a cikin ɗakin da takardun suke.

Allah ya ƙara muku lafiya. Wassalam.

Naku,
Mai bincike kan rubuce-rubucen hannu, a madadin abokan aikinsa da ɗalibansa da iyalan da suka ba jami'o'i ajiyar takardunsu.